Daminar Da Jan Sa Ya Tafi Legas

Bana ruwa ya ja mana rai har muka fara kallon sama da harara, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya. Jiya da la'asar ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa, indararo yana zuba cikin baho, sai ga Ummi, 'yata ta fari, ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ta ɓata rai.

"Mama, kayan karatun jarrabawar nan sun yi mini yawa. Wannan bidiyo, wancan littafi, ga tambayoyin gwaji iri-iri, kowa yana cewa nasa ne na gaskiya. Na rasa wanda zan ɗauka."

"Ga babanki can, ai fanninsa ne."

"Na tambaye shi. Wai in duba wanda ya fi sabunta, ya juya ya ci gaba da barcinsa."

Na yi dariya har shinkafar ta zube mini a zani. Ta ɗauka ita nake yi wa, ta koma ɗaki tana ƙunƙuni. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne da maganar zaɓen kayan karatu suka haɗu suka mayar da ni wata damina can wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin ita Ummin tana cikina, babanta kuma yana shirin irin wannan jarrabawar.

A unguwar Dogo Nini ta Potiskum muke a lokacin, gidan ƙasa, mu uku: ni, da maigidana Idi, da mahaifiyarsa Inna. Ni 'yar unguwar Yerimaram ce, iyayena Kanawa 'yan kasuwa, gidanmu an san mudu da buhu amma ba a san fartanya ba. Inna kuwa 'yar ƙabilar Ngizim ce daga ƙauyen Mamudo, can gonarsu take, kuma tun ranar da aka kawo ni ba ta taɓa kirana Hajara ba, sai 'yar Kano. Shi ma Idi ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan.

Idi yana aiki a wani shagon buga takardu kusa da tasha. Amma abin da ya koyo a Kano, wanda yake ji da shi, shi ne haɗa kwamfutoci su riƙa aika wa juna saƙo, ta wannan ofis da ta wancan gari. A Potiskum ta wancan zamani babu mai neman wannan, kamar mutum ne ya koyi tuƙin jirgin ruwa ya zo ya zauna a Dogo Nini. Sai wani kamfani a Kano ya ce zai ɗauke shi aiki idan ya kawo takardar shaidar babban mataki kafin damina ta fita. Ƙaramin matakin ya riga ya ci. Babban kuwa a Legas kaɗai ake yin sa, a gaban kwamfuta, daga ƙasar waje ake tsara tambayoyin. Duk abin da ya tara ya zuba a kuɗin rajista, aka sa masa rana. Saura kayan karatu.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Man fetur ya ɓace, layin motoci a gidan mai ya kan yi kwanaki bai motsa ba. Wutar lantarki sai ta ga dama take leƙowa, janareton shagonsu Idi kuma ya zama abin ɗora kwano. Ni ina koyarwa a firamare, albashi yana zuwa ne kamar baƙon da bai san hanya ba. Ga shi daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, tun bazara muka fara ganin gindin rumbu.

A cikin wannan zafin, wanda ko bango ka jingina da shi sai ya gasa maka baya, Idi yake shimfiɗa tabarma gindin bishiyar maina, wato darbejiya, bayan la'asar, ya baje wasu shafukan mujalla da abokinsa ya yago masa daga Kano. Ya duba wannan, ya ajiye, ya ɗauki wancan. Wata rana ya kira ni.

"Hajara, zo ki taya ni gani. Hanya uku ce, ɗaya kawai za mu iya."

Ta farko manyan littattafai ne masu bayanin komai tun daga tushe. Ta biyu wasu tsofaffin na'urori ne guda biyu, akwatunan ƙarfe masu kama da rediyo, waɗanda mutum zai riƙa haɗawa yana kwancewa har hannunsa ya saba. Ta uku kuwa wani siririn littafi ne na tambayoyin gwaji, da faifan kwamfuta manne a bayansa.

Na ce, "Ni dai da tambayoyin shekarun baya na ci jarrabawar malanta. Ka nemi na baya ka haddace."

"Wannan ba ta da na baya. Canza ta suke yi kamar yadda kuke canza yayin atamfa. Bara ma sun juya ta gaba ɗaya."

"To na'urorin fa? Na ga tun ɗazu su kake shafawa da ido."

Ya yi murmushi. Su ransa yake so, na sani. Amma da wace wutar zai kunna su? Manyan littattafan kuma ya ce ya san mafi yawan abin da ke ciki, kuma ba shi da tabbacin sun bi sabon tsari. Siririn nan shi ne ya fito bayan canjin, faifan kuma yana yi wa mutum jarrabawa irin ta gaske, har da agogo yana ƙirga masa lokaci. Duk ranar da aka kawo wuta zai ruga shago ya gwada. Ya kwashe kwanaki yana jujjuya maganar kafin ya tsaya a kansa. Da na tambaye shi kuɗinsa ya faɗa, sai na tashi na shiga madafa.

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri, kamar ba ta ji. Sai da muka yi shiru ta ce, "A kai Ja kasuwa."

Shanun noma biyu mahaifin Idi ya bari, Ja da Fari. Su suke jan garma, su suke jan amalanken da muke hawa zuwa Mamudo.

Idi ya ce, "Inna, sa ɗaya ba ya huɗa. Amalanke ma ba zai ja ba."

"Kafin a kawo shanu gidan nan da me na yi noma? A kai Ja."

Aka kira Kawu Bukar, ƙanen Inna, direban tirela mai ɗaukar shanu daga kara, kasuwar shanu, zuwa Legas. Mutum ne ƙato mai tumbi da babbar murya, in yana dariya a zaure ana ji a layi na gaba. Duk Juma'ar da yake gari a gidanmu yake cin abincin rana, kuma bai taɓa shigowa hannu rabbana ba. Idan ya kalli sa sau ɗaya zai gaya maka abin da zai yi a kasuwa, ba ya kuskure. Ya ce kar a sayar a nan, Legas ya fi daraja, shi zai kai shi a motarsa ya sayar, ya sayo littafin. Idi ya rubuta masa sunan littafin da na unguwar da ake sayarwa, ya yi ta nanatawa: siriri ne, bangonsa shuɗi, da faifai a baya.

"Kai, ɗana, ni da ake damƙa wa shanun mutane mota guda, littafi ne zai gagare ni?"

Ranar da aka fita da Ja, Fari ya wuni yana kuka a turke. Inna ba ta leƙo ba, ta ce tana da wanki.

Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe mana shanya, ruwan farko ya sauka. Washegari muka fita shuka. Da asuba zan dama kunun tsamiya, mu sha rabi mu ɗura rabi a jarka. Idi ya goya ni a keke, Inna ta bi hanya da ƙafa, ta ce ita ba za ta hau abin da ba ya numfashi ba. Kafin mu sauke kaya sai mu ganta ta iso. Idi yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Inna ta kan waiwayo ta dubi layina ta ce, "'Yar Kano, gero kike shukawa ko kyauta kike rabawa? Rage hannu."

Gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da tsakar rana, 'yan tsiron suka naɗe ganye suka yi fari-fari. Kullum hadari zai taso ya yi baƙi, mu kwashe kaya, iska ta watsa shi. Sai da muka sake shuka wajen rabin gonar da irin da Inna ta ɓoye a tulu. A ranar ce na fara ganin an auna hatsin tuwo an mayar da tafi guda cikin buhu.

Kawu ya daɗe bai dawo ba, layin mai ya riƙe shi a hanya. Ranar da ya iso, tun daga bakin titi muka ji hon ɗinsa. Sai ga shi ya shigo yana haki, mutum biyu suna biye da shi da wani ƙaton kwali. Aka dire a tsakar gida, ya yanke igiya da wuƙarsa. Littattafai ne manya-manya masu kaurin bulo, bango mai tauri, ko ledarsu ba a ɓare ba.

Ya zauna ya share gumi ya fara ba da labari.

"Na nuna wa mai shagon takardarka, ya ɗauko mini wani ɗan abu. Wallahi littafin addu'o'in da ake tallarsa a tasha ya fi shi kauri. Ya faɗi kuɗi. Na ce, kai, bawan Allah, sa na sayar, ba zakara ba. Fito mini da na manya! Ya tsaya yana ce mini wai ba su aka rubuta ba. Na ce ni za ka koya wa ciniki? Ya shiga can ƙurya ya jawo waɗannan. Na ɗaga na ji nauyi, na duba ciki da baya, babu rauni ko ɗaya. Ban bar wurin ba sai da ya ƙara mini guda gyara."

Maƙwabta suka shigo kallo, kowa ya ɗaga ya jinjina ya ce lallai wannan karatu ne. Inna ta goge hannu a zani kafin ta taɓa. Ta sa aka jera bulo a ɗakinmu aka ɗora su saboda gara da danshi, ta kawo mayafinta na zuwa biki ta rufe. Ni ina kallon Idi. Ya ɓare guda ɗaya, ya buɗe shafin farko, ya tsaya a wani ɗan rubutu na ƙasa, ya rufe a hankali.

"Allah ya saka da alheri, Kawu. An sha wahala."

"Wace wahala? Kai dai ka cinye su duka."

Ruwa ya dawo, ciyawa ta taso tare da shi. Muka shiga noman farko da hannu, domin maƙwabcin gonarmu da ya yi alkawarin ara mana sa a haɗa da Fari ya ce sai ya gama tasa huɗar. Cikina ya fara nauyi, Inna ta hana ni sunkuyo mai yawa. Sai muka ƙirƙiro wata dabara don kar karatu ya tsaya: in ɗauki littafi ɗaya a kai, kamar mai tallar fura, in riƙa bin Idi a gefen layi ina karanta masa tambayoyin ƙarshen babi, shi yana noma yana amsawa. Turancin ban fahimci rabinsa ba, amma amsoshin suna baya, ni ce alƙali.

Ya amsa ta farko daidai. Ta biyu na ce, "Ka faɗi."

"Ban faɗi ba. Da can haka ake yi, yanzu an daina."

Na wuce. Can kuma, "Ka faɗi."

"Wannan na'urar ma an bar yin ta."

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yunwa tana murɗa mini ciki, ƙudaje sun dame ni. Na rufe littafin na dafe shi a ƙirji.

"Idi, gaya mini gaskiya."

Ya miƙe ya dafa ƙugu.

"Na tsohon tsari ne, Hajara. Tun kafin canjin aka buga su, shi ya sa suke ƙurya ba wanda ya taɓa. Abin da za a tambaye ni, ko sunansa babu a ciki."

"Shi ne ka yi shiru? Muna ta dakon bulo zuwa Mamudo?"

"In ce wa Kawu me? Mutumin da ya yi da zuciya ɗaya. In ce wa Inna me? Dube ta can."

Na duba. Tana can ƙarshen gona a duƙe, ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali, fartanya tana tashi tana sauka. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi. Na ji haushin Kawu, na ji haushin mai shago, na ji haushin Idi da kunyarsa da za ta kai mu ta baro. Tausayinsa kuma ya fi duka, domin ya ce zai je hakanan ya gwada sa'a, ni da shi kuwa mun san abin da hakan yake nufi.

Ni ba a gina ni da haƙurin riƙe magana ba. Na daure kwana kaɗan, sai wata yamma muna tsinke tafasa ni da Inna a bakin murhu na gaya mata komai. Hannunta bai tsaya ba.

"Duka?"

"Kusan duka, Inna."

"Shi ya ce ki gaya mini?"

"A'a. Cewa ya yi kar in faɗa."

"Haka ubansa yake."

Juma'a ta zo, Kawu ya shigo da burodi a leda yana tambayar ɗansa littafi nawa ya cinye. Aka kawo tuwo. Ya wanke hannu, ya yanko loma, sai Inna ta fara magana da yarensu. Ba ta ɗaga murya ba. Ni ba na jin yaren, abin da na tsinta kawai Ja da Legas. Idi ya sunkuyar da kai. Na ga lomar ta tsaya a hannun Kawu tsakanin kwano da baki, sannan ya mayar da ita. Ya dubi Idi. Ya wanke hannu, ya sa takalmi, ya fita. Ban taɓa ganin mutum mai girman jiki ya ƙanƙance haka a gabana ba, kuma duk haushin da nake ji sai ya koma tausayi.

Daga ranar bai sake tsallake zaurenmu ba. In yana da saƙo, a waje yake tsayawa ya yi sallama.

Washegari muna gona sai ga shi da aron fartanya a kafaɗa. Bai gaisa da kowa da wasa ba, ya kama layi. Mutumin da ya shekara da shekaru hannunsa bai san komai ba sai sitiyari, ga tumbi yana hana shi duƙawa. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Na kai masa kunu ya ce ya ƙoshi. Sai da muka zauna gindin tsamiya ya yi magana, yana kallon wani wajen.

"Idi, ka ɗaure kwalin nan, ka haɗa kayanka. Ina samun mai za mu tafi. Ka je ka zaɓa da idonka. Ni na gama zaɓen littafi a duniya."

"Kawu, ranar jarrabawar da saura. Gonar fa? Ga maimai yana zuwa."

Inna ta ce, "Gonar nan ta san ni kafin ta san ka. Tashi ka tafi."

Suka tafi a farkon marka. Idi ya hau gaban mota kusa da Kawu, kwalin a kan cinyarsa, shanu suna ta kuka a baya. Zai zauna a masaukin direbobi a kasuwar shanu ta can har ranar ta zo.

Wannan watan shi ne ban manta ba. Ruwa ba dare ba rana, sama ta yi ƙasa-ƙasa, kaya ba sa bushewa, tabarma tana warin danshi. Ɗakin Inna ya fara yoyo, muka jera kwanuka, daga baya ta dawo ɗakina. Kananzir ya yi wuyar gani, itace kuma jiƙaƙƙe, sai in yi ta hura wuta ina hawaye kafin ta kama. Hatsi ya ƙare. Muka koma kan dusar da aka ajiye wa shanu, a tankaɗe ta a haɗa da ɗan garin da na samo daga gidanmu. Na je Yerimaram sau biyu, na uku na ji kunya, su ma kasuwar ba ta tafiya. Tafasa da rama da zogale su suka riƙe mu, wata rana da ƙuli-ƙuli, wata rana gishiri kawai. A gidan duka Fari ne kaɗai yake ƙiba, ciyawa ta samu, ga ba aikin yi.

Inna ta kan tura mini kwano ta ce ita ta ci a maƙwabta. Na yarda sau ɗaya. Da na gane, sai na ce ni ma na ci a maƙwabta, muka zauna muna kallon kwano har ya huce. Ta harare ni ta ce, "'Yar Kano, ba ke nake ba wa ba, na cikin nake ba wa." Na ci ina kuka, tana yi mini faɗa wai ina ƙara wa miyar ruwa.

San aron bai samu ba sai da lokaci ya kusa wucewa, rabin gona aka huɗe. Ɗaya rabin ciyawa ta fi geron tsawo. Wata safiya muka isa muka tarar da matan Mamudo, dangin Inna, sun riga mu, kowace da fartanyarta. Ba wanda ya kira su, labari ne ya kai musu. Suka jeru suka kama maimai suna waƙa da yarensu, suna yi mini dariyar yadda nake riƙe fartanya kamar alli. Abin da muke da shi na ba su kunu ne tsararo, ba sukari. Suka sha suka ce ya yi daɗi.

Yanzu in Ummi ta je Yerimaram ta kan kira ni sau biyu kafin ta sauka daga keke napep. A lokacin kuwa mutum in ya tafi Legas ya tafi ke nan, sai abin da direbobi suka kawo a baki. Wani abokin aikin Kawu ya tsaya a ƙofar gida wata rana ya ce suna gaishe mu. Wai mai shagon da farko ya ƙi karɓar kayan, ya ce shi ai ya faɗa ba a ji ba. Kawu bai yi faɗa ba, ya samu benci a ƙofar shagon ya zauna, kullum tun safe har a rufe, har mutumin ya gaji ya karɓi manyan ya ba da siririn. Wai kuma Kawun ya bi ya nemo wani wuri mai irin na'urorin nan da wuta, inda Idi yake zuwa yana gwada faifan yana haɗa wayoyi da hannunsa, ya hana shi tambayar wa yake biya.

Inna ta ce, "Yaron ya rame?"

"Ya rame, Inna. Bukar ma ya rame."

"Bukar yana da abin ramewa."

Ranar jarrabawar mun san ta. Muka je gona kamar kullum, amma na lura Inna wuri ɗaya take ta nomewa har ta kusa tone saiwar gero. Ranar ta wuce, wasu suka bi bayanta, shiru. Gero ya fitar da kai ya yi bununi, iska tana kaɗa shi, ƙamshinsa yana shiga hanci, amma ko tumu bai isa gasawa ba. Babu yunwar da ta kai wannan ciwo, kana ganin abinci a tsaye ya fi ka tsawo, ba halin ci. Duk motar da ta yi hon a titi sai in leƙa waje. Na riƙa lissafin yadda za mu yi idan ya faɗi: babu Ja, babu aikin Kano, ga haihuwa tana matsowa. Inna ba ta taɓa furta nata lissafin ba.

Wata rana bayan azahar, ruwa ya ɗauke ke nan, na sauke tuwon dusa na raba kwano biyu, na zuba miyar tafasa wadda ba ta ga mai ba. Na cinye nawa, Inna ta ce a rufe mata nata sai ta yi salla. Sai muka ji sallama a ƙofar gida, murya ƙasa-ƙasa.

Na leƙa. Kawu Bukar ne a tsaye cikin ruwan da ya kwanta a ƙofa, rigarsa ta yi masa yawa. Shi kaɗai. Na dafa bango. Inna ta zo ta wuce ni ta tsaya a bakin zaure.

"Ina yaron?"

"Na sauke shi a Kano, Yaya."

"Lafiya?"

"Lafiya. Takarda ya tsaya kai wa mutanen nan, wai kar lokaci ya ƙure. Yaya, ya ci."

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta kama ƙyauren da hannu biyu ta tsaya, leɓenta yana motsi. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa, ina dariya ina share ido da gefen zani. Da ta dawo hayyacinta sai ta dube shi sama da ƙasa.

"To me kake yi a cikin ruwa kamar baƙo? Shigo."

Ya cire takalmi tun a zaure, ya shigo a hankali, ya zauna inda ya saba zama. Inna ta ce in kawo masa abinci. Na tsaya ina kallonta, domin na san abin da ke cikin kwanon, na kuma san babu wani. Ta ce, "Kawo masa, na ce."

Na ajiye a gabansa. Ya buɗe. Tuwon baƙi ne, ya farfashe, ƙaiƙayi a fili. Ya daɗe yana kallonsa, ya ɗago ya dube ni, ya dubi wuyan hannun yayarsa.

"Yaya, abin da kuke ci ke nan tun da muka tafi?"

"Ci ka yi mini shiru."

Ya wanke hannu ya yi bisimilla. Yana ci hawaye yana sauka cikin kwanon, bai share ba, bai kuma tsaya ba har sai da ya suɗe gefe da yatsa. Bai san rabon Inna ne ya cinye ba. Ita kuwa tana zaune kusa da shi da mafici, tana kore masa ƙuda.